Motar Babanku Tana Kan Hanya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga autana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, da kai da maigidanka da waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya a Kano. Allah Ya tsare ka a kan titi, Ya tsare mutane daga motarka, Ya raba ka da gyangyaɗi a bakin sitiyari. Amin.

Ka yi haƙuri da rubutun. Hannuna ya fi sanin taɓarya da muciya, biro sai da furfura na kama shi, shi ya sa layukan suke gangarewa ƙasa kamar masu neman wurin zama. Na san akwai waya. Amma da na ji muryarka sai in kama tambayar ko ka ci abinci, ko akwai sauro a inda kake, har a kashe ban faɗi abin da ke raina ba. A takarda ba za ka sunkuyar da kai ka ce mini "to, Inna" ba. Dole ka ji ni har ƙarshe.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Magana ɗaya ce. Ranar da za ka tafi kama aikin tuƙi, ina cikin soro na ji ka a ƙofar gida. Ka ɗora hannu a kan Balbela, motar babanku, a gaban Baffanka Sale, ka ce ba za ka sake taka gidan nan ba sai ka zo da kayan da za su tayar da ita, sabbi, na kamfani, a cikin kwalinsu. Sannan ka leƙo ka ce, "Inna, na tafi." Ba ka ce sai ka dawo ba. Tun ranar nan in na zauna tsintar shinkafa sai in ga na zubar da ƙwayar na bar tsakuwar. Ni na san tsadar kayan kamfani fiye da kai, na bi ta da ƙafata shekara da shekaru. In ka riƙe maganar nan, ina tsoron za a kira ka gidan nan ne ba ni ce zan tare ka ba.

Kai ba ka san Balbela tana tafiya ba, kana goye ta tsaya. Ka tashi ka gan ta a gindin ɗorawa, tayoyi sun nutse, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Bari in nuna maka ita yadda nake ganinta in na rufe ido. Farar akori-kura ce. Direbobin Kwanar Dangora ne suka sa mata suna, wai kullum a bayan garken shanu ake samunta a hanyar Falgore, tana jira su gama tsallakawa, don babanku ba ya kutsawa cikin dabbobin mutane. Ta ɗauki masarar Doguwa, ta ɗauki shinkafar Tudun Wada, ta ɗauki kifin Tiga har ƙarni ya zauna a katakonta. Ta kai amare, ta kai masu naƙuda, ta kai gawa. Sau ɗaya ya ɗauke ni a gaba zuwa Riruwai wani suna, da damina. Gajimare sun sauko sun zauna a kan duwatsu, tsofaffin ramukan kuza sun cika da ruwa kore shar, ni kuma na kama ƙarfen ƙofa da hannu biyu yana yi mini dariya. Har yau in barcin rana ya ɗauke ni a kan tabarma, wannan hanyar nake bi. Ba ma isa Riruwai, ba ma kuma tsayawa. Tafiya kawai muke yi, ciyawa tana kwantawa a gefen titi.

Wata rana babanku ya dawo da wuri, bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba. Ashe birki ne ya ƙi kamawa a wata gangara, da mutane cike a baya. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Da aka kwance aka ga robar da ya saya a bakin tasha jabu ce. Ina ajiye masa kwanon tuwo na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, daga yau ba abin da zai sake shiga jikin motar nan sai na kamfani. Ban tambaye shi komai ba. Na ɗauki maganar na ajiye a zuciyata kamar yadda ake ajiye tasa a saman jere.

A shekarar da ciwo ya kama shi giyabos ɗinta ya lalace, wato akwatin nan da ke sauya giya. Samari suka turo ta gindin ɗorawa. Ya ce da kaka in an sayar da masara zai shiga Kano ya sayo. Bai ga kakar ba. Da aka zo rabon gado, gona ta faɗo muku kai da yayarka Rabi, motar kuma aka sa ta cikin tumunina, tunda ba mai son mota a kwance.

Bayan na fita takaba Baffanka Sale ya zo. Ka san shi bakanike ne tun yana saurayi, ka kuma san bakinsa. Ya ce akwai giyabos na hannu a wurin masu yanka motoci, mai lafiya, da awaki biyu za a saye shi. Zai ɗaura, ya nemo direba mai amana, motar ta riƙa ciyar da mu. Na ce a'a, babanku ya ce sai na kamfani. Ya ce, "Matar Yaya, giyabos ba ya kashe mutum. In ya lalace tsayawa mota take yi. Birki Yaya yake nufi." Na ce ni ba haka na ji ba. Ya ce to in aika a kira shi a tambaye shi mana. Da wasa ya faɗa, irin wasan da muka saba, amma sai ya share fuska da hularsa ya fita.

Nafi'u, gaskiyarsa ce. Na yi shekaru kafin in yarda. Mutumin da ya ga rayukan mutane suna gangarawa a bayansa ne ya yi waccan magana, da zafin abin a jikinsa. Da na zauna na ce masa, Malam, har da madubi? Har da murfin tanki? Da ya yi dariya ya rarrabe mini. Kunya da girmamawa suka hana ni, na riƙe maganar dunƙule. Don haka in wanda kake ganin girmansa ya kafa maka doka, ka tambayi dalilinta yana da rai, cikin ladabi. Kuma tunda tuƙi kake yi, ga abin da na fahimta a makare: birki da taya da sitiyari, waɗannan ran mutane ne a kansu, kada ka yarda a sa maka na banza ko da maigidanka ne ya ce. In ya matsa, ka ajiye masa mukulli ka taho gida, tuwo bai ƙare ba. Sauran kuwa, na hannu mai kyau wanda bakanike mai tsoron Allah ya duba ba abin kunya ba ne.

Da na ƙi ta Baffanka sai na ce ni zan sayo da kaina. Na yi kiwo, na yi turaren shinkafa ina kaiwa kasuwa, na yi ƙuli. Da na ga abin da ke ƙullin zanena ya yi nauyi, na sa shi ya raka ni Kano, gidan dillalan da ke sayar da irin motar da kayanta. Ya tsaya a waje, wai rigarsa duk baƙin mai ce, kada ya ɓata musu iska. Ni kaɗai na shiga. Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Bangon gilashi ne, ƙasa tana sheƙi har ina ganin tafin ƙafata a ciki, sanyi yana saukowa daga sama ba tare da an ga inda yake fitowa ba. Motoci a jere, kujerunsu a cikin leda, ba wadda ta taɓa ganin taɓo. Na ji kamar na mutu an kai ni wani wuri ana jiran a yi mini tambaya.

Wani saurayi mai fara'a ya ba ni kujera, ya kira ni Hajiya. Ya danna na'urarsa ya faɗi kuɗin. Na ɗauka kuɗin mota sukutum yake faɗa, har na ce masa ai ina da motar, akwatin kawai nake so. Ya ce na akwatin ne. Ya ce daga ƙasar waje ake kawowa, kuma kuɗin yana bin dala. Ban san wace ce dala ba a lokacin, ban kuma tambaya ba. Ban tambayi ko akwai wani iri mai sauƙi ba, ban tambayi ko zai ƙaru ba. Na ce to, na gode, na miƙe. Da na fito na gaya wa Baffanka, ya ce, "Ai sanyin nan da kika sha ma yana cikin kuɗin. Da kin sani kin ƙara zama."

Na koma gida na ƙara kiwo. Da wata kakar na koma da abin da ya kai wancan kuɗin, sai na tarar ya matsa gaba. Na sake komawa, ya sake matsawa. Ka san yadda dutsen Riruwai yake yi in kana cikin mota, ka ga kamar za ka taɓa shi, ka yi ta tafiya yana nan inda yake daga nesa. Haka kuɗin nan ya yi mini. Zuwana na ƙarshe wani saurayin ne daban a kujerar, ya ce motar ta tsufa, sai an yi oda ta musamman, kuma wannan ya fi tsada. Ba na zagin kowa. Su ma haya suke biya, su ma sayowa suke yi, ba su taɓa yi mini ƙarya ba. Amma ba don irinmu aka gina wurin ba, kuma ni ce na ƙi gani.

Abin da na kashe a bin wannan akwati ba a ƙullin zane yake ba. Akuyar da kuke shan nononta na sayar. Ɗakinmu ya yi damina yana yoyo muna jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan. Rabi ta tafi gidan miji a Tiga da jeren da bai kai na ƙawayenta ba, ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, wannan ma ya fi ciwo. Ƙarshe kuɗin da na tara ciwon haƙarƙarin da ya kwantar da kai da gyaran rufi suka cinye shi, kuma nan ne kaɗai ya yi amfani. To ka ji. In ka shiga wuri mai gilashi kada sheƙinsa ya ɗaure maka harshe, ka yi tambaya har ka gane, ba a kama mutum don ya tambaya ya fita. In kuma ka ga abu yana gudu fiye da ƙafarka, ka tsaya ka duba su wa ka bari a baya. Albashin direba ba zai kamo abin da ya tsere wa awakina ba. Yanzu ma ba akwati ɗaya ba ne, kusan rabin motar ce za ka saya.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ɓata maka rai, wato yadda Balbela ta zama ƙwarangwal. Kai a ganinka mutane ne suka cinye motar marayu. Bari ka ji yadda aka yi.

Ɗan'asabe mai kifi ne ya fara. Lagireton motarsa ya fashe daidai ƙofar gidanmu da rana tsaka, da kwandunan kifi daga Tiga, ƙudaje har sun fara taruwa. Ya yi sallama ya durƙusa daga bakin soro, ya ce ya san nauyin abin da zai roƙa, amma ko zan ara masa na Balbela zuwa ranar kasuwa. Ni kuwa a gidanmu na Bebeji na tashi na ga ana aron turmi, ana aron tukunyar biki, ana aron tsani da galma. Abin da yake zaune ba a aiki da shi, maƙwabci yana cikin buƙata, ban san yadda ake cewa a'a ba. Na ce a kwance masa. Ban san kayan mota ba kamar turmi ba ne. Turmi in an gama daka a ɗauko a dawo da shi. Lagireto kuwa ranar da aka dawo maka da shi, ranar motar wancan ta tsaya.

Labari ya bi tasha. Buba, Bafulatanin nan na Doguwa mai kai nono, ya zo aron hon, wai shanu sun raina nasa. Madubi ya tafi Bebeji wurin ɗan ƙanwata. Fitilu suka tafi Kiru. Malam Iro direban Riruwai, wanda suka yi lodi tare da babanku tun suna samari, aka daki motarsa ta baya, ya zo ya ari ƙyauren baya gaba ɗaya. Duk wanda ya zo sai ya fara ba ni labarin ya je gidan gilashi an faɗa masa kuɗi ya fito da jiri. Ni kuma na san jirin. Baffanka yana kwancewa yana mita, yana cewa na hana a sa wa motar abin wani, amma ga shi ina sa wa motocin duniya abinta.

Ba wanda ya dawo da komai, ni ma ban aika a karɓo ba. Amma kifin da kake ci kana yaro, wanda ake ajiyewa a soro ba a faɗi daga ina ba, na Ɗan'asabe ne. Ƙwaryar nonon da ke zuwa duk ranar kasuwa ta Buba ce. Buhun masarar da ke sauka da kaka na Malam Iro ne. Su ba su ce biya ba ne, ni ban ce sayarwa ba ce. Kowa ya bar abin a rufe don kada a kunyata juna. Ban yi nadamar bayarwa ba. Kuskurena shi ne duk lokacin da ka tambaye ni ina madubi, ina fitila, sai in ce maka aro ne, za su dawo da shi. Na san ba haka ba ne, amma faɗin kyauta ce yana nufin na yarda motar ba za ta tashi ba, ni kuma ban shirya ba. Sai ka girma kana ganin dattawan nan a matsayin masu riƙe kayan mutane. Ranar da ka tare Malam Iro a Kwanar Dangora, a gaban 'yan kamasho, ka ce ya cire ƙyauren ubanka daga motarsa, ya zo nan ya zauna a soro bai iya shan ruwa ba. Na ba shi haƙuri, amma kai ban gaya maka gaskiya ba. In ka ba mutum abu, ka kira shi da sunansa tun a ranar. In aro ne ka ce aro, in kyauta ce ka ce kyauta, musamman a gaban yara, don su abin da aka faɗa suke riƙewa.

Akwai wani abu game da ƙyauren nan da ban taɓa gaya wa kowa ba, don kada a yi mini dariya. Ka san akwai rubutu a jikinsa da jan fenti. Duk zamana da babanku na ɗauka addu'a ce, irin wadda direbobi ke sawa. In zan wuce ta bayan motar har shafawa nake yi. Ban tambaya ba, ka ga halin nawa dai. Bayan auren Rabi gida ya yi shiru, na shiga ajin matan da ake yi da la'asar a firamare. Malamarmu 'yar cikina ce a shekaru, tana kama hannuna tana zagaya baƙi da shi. Wata rana da yamma ina zaune a ƙofar gida da farantin ƙuli, an ɗauke ruwan sama ke nan, titi yana hayaƙi. Motar Malam Iro ta zo ta rage gudu a kan tudun nan da aka yi don 'yan makaranta. Idona ya faɗa kan ƙyauren, sai na ga baƙaƙen sun daina zama zane, sun fara magana. Na haɗa su ɗaya bayan ɗaya tana tafiya. Sai mun dawo. Abin da aka rubuta ke nan.

Abin da babanku yake faɗa mini ne kullum da safe in ya ɗauki mukulli, shi da motarsa. Na zauna a wurin har aka kira magariba, yara suna sayen ƙuli suna ajiye kuɗin da kansu. Abu na farko da na karanta a duniya ba tare da malama a kaina ba, muryar babanku ce, tana tafiya Riruwai a bayan motar wani.

Tun daga ranar kunnena ya buɗe. In Buba ya wuce ya danna hon, na san shi, yana da wata 'yar shaƙewa a ƙarshe kamar mai mura. In na ji sai hannuna ya kai kan murfin tukunya kafin in tuna. Wani lokaci ina zaune sai in riƙa bin su a raina. Ga madubin can a Bebeji yana kallon hanyar gidanmu ta baya. Ga fitilun a Kiru suna haska wa wani hanyar asibiti. Ga lagireton yana shan ruwan Tiga. Da tana nan lafiya hanya ɗaya za ta bi a rana. Yanzu kafin azahar ta zaga ƙasar nan duka. Wadda ke gindin ɗorawa bawo ne kawai.

Saura abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi nauyi. Kana ƙarami, in na gaji da aiki sai in ɗauke ka mu shiga gaban motar mu zauna. Wurin yana da ƙanshin babanku har lokacin, man gashi da goro da fetur. In ɗora ka a kujerarsa, ka kama sitiyari kana yin ƙarar inji da baki, ni ina gefe ina faɗa maka garuruwa: ga mu a Tudun Wada, ga mu a daji, rage gudu ga shanu. Furen ɗorawa yana faɗowa a kan gilashi. In mun iso sai in shafa kanka in ce kai ne za ka tashe ta. Na faɗa maka wannan sau da yawa, har ban san adadi ba. Ni daɗin bakina nake ji, kewa ce take magana. Ban lura kana ɗauka kana ajiyewa ba, daidai yadda na ɗauki maganar babanku a kan kwanon tuwo. Da na ji ka a ƙofar gida ranar tafiyarka, muryata na ji tana fita daga bakinka. In Allah Ya ba ka 'ya'ya, kada ka ɗora wa yaro abin da ya fi ƙarfinka don kawai yana jin maganarka.

Don haka na janye. Ni na ɗora maka, ni na sauke. Na tambayi liman game da abin da ka faɗa, ya ce in ma rantsuwa ka yi a zuciyarka, akwai kaffara, kuma barin uwa tana jira ya fi karya ta nauyi. Ka je wurin malami a nan inda kake ya yi maka bayani.

Na san halinka, irin nawa ne, magana kaɗai ba za ta juyo da kai ba. Shi ya sa na yi abin da na yi. Injin Malam Iro ya buga bayan tafiyarka. Ya je gidan gilashi ya dawo, ya ce zai sayar da motar ya koma noma, ga iyali. Bai roƙe ni komai ba, tun abin da ya faru tsakaninku ba ya ko kallon gindin ɗorawa. Ni na aika aka kira shi. Ka san duk shekarun nan Baffanka bai bar injin Balbela ya ƙafe ba, yana zuwa yana zuba masa mai yana juya shi da hannu, yana cewa gaisuwa ya zo yi wa Yaya. Na tara su biyun a soro na ce a ciro shi a sa wa Malam Iro. Na faɗa da bakina, a gaban shaidu, cewa kyauta ce, ladan Allah Ya kai kabarin babanku. Motar rabona ce, ban taɓa naka ba. Baffanka ya dube ni ya ce, "Matar Yaya, ashe boko yana gyara mutum." Sannan ya ɗauki sifana ya nufi gindin ɗorawa.

Jiya da hantsi ina shanya gero na ji ƙara a ƙofar gida. Ban buƙaci a gaya mini ba. Akwai wani ɗan tari da yake yi sau biyu kafin ya daidaita, na ɗauka na manta shi. Na fito ba mayafi sai da na koma na ɗauko. Malam Iro ya tsayar da motar bai kashe ba, ya fito ya koma gefe ya juya baya. Na ɗora tafin hannuna a kan murfin injin. Da ɗumi, yana motsi a hankali kamar ƙirjin mai barci. Kajin da ke ƙarƙashin tsohon bawon suka fito suna kallo. Na daɗe a tsaye.

Malam Iro zai kai masara Kano, shi na ba takardar nan. Wato injin babanku ne ya kawo maka ita. Na roƙe shi kada ya tafi sai ka gama karantawa. In ka kai nan, ka fita ka same shi. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ake gai da abokin uba, ka ba shi haƙurin abin da ya wuce. Sannan ka ce ya tayar maka da motar, ka tsaya ka saurara, tunda ba ka taɓa ji ba. Ka zaga ta baya ka karanta abin da ke jikin ƙyauren.

Na san za ka ji zafi. Za ka ce na rushe abin da ka tafi nema ban shawarce ka ba. Ka yi fushi da ni, na yarda. Amma ka zo ka yi fushin a gida, inda zan riƙa ganin fuskarka ina zuba maka abinci. Abin da kake tarawa ka riƙe shi don ɗakinka da aurenka. Kujerar gaba na sa an ciro, tana soro, a kanta nake zama da yamma ina kallon titi, kuma akwai wurin mutum biyu. Da Sallah ka shigo kowace mota ka samu a Kwanar Dangora, da wuya ka hau wadda ba ta da wani abu namu a jikinta.

Rabi tana gaishe ka. Baffanka ya ce in gaya maka ka riƙa duba mai da ruwa kafin ka tayar da mota, ko da wani ya ce ya duba. Ni kuma na ce kada ka yi tuƙi da yunwa, kada ka yi tsere da kowa, in ka ga shanu ka jira su wuce.

Allah Ya yi maka albarka. Ya kiyaye gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya sa ka fita lafiya ka sauka lafiya duk inda aka aike ka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya jiƙan babanku, Ya juyo mini da kai ina da sauran gani. In ka kira ni ba sai ka yi dogon bayani ba, ba kuma zan tambaye ka ko ka ci abinci ba. Ka faɗa mini abin da ba ka faɗa ba ranar da ka fita.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Inna